Yadda zaka raba yaro ɗan 9 zuwa 12 da waya ta hanyar kayan wasan haɗe-haɗe

Yaro in ya kai shekara tara, goma, sha ɗaya, ya wuce a sayo masa motar roba ko ƴar tsana ace gashi je kayi wasa, kuma bai kai a sakar masa waya ba, ita kanta TikTok a dokarta sai mai shekara 13 zuwa sama, amma dai kowa yasan abinda ke faruwa a gidajenmu, wayar Umma ce a hannunsu daga an taso boko har a kira la'asar, ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya kuwa sai dai in caji ne ya ƙare. Toh ƙwacewa kawai bata magani. In ka ƙwace ka barshi zaune ba abin yi, gidan maƙota zai zarce ko shagon gem na bakin layi, ka ga an gudu ba a tsira ba. Dole sai ka sa masa wani abu a hannu, kuma a wannan shekarun abinda ke zaunar da yaro awa biyu uku ba tare da tsawa ba shine abinda zai haɗa da kansa, ya tsaya da ƙafarsa ko yayi tafiya ko ya ɗaga kaya, har ya kira mutanen gida su zo su gani.

Sai dai tun yanzu in faɗa maka, sayen kayan shine mafi sauƙi a cikin lamarin. Gidaje da yawa an sayo, an yi kwana biyu ana ɗoki, yanzu yana ƙarƙashin gado rabi ya bi shara. Yaro ɗan sha ɗaya baya son abin wasa, aiki yake so, wanda zai sha wuya a kai kuma a yaba masa. Da wannan zaka auna duk abinda zaka saya.

Mu fara da bulon roba tunda shi aka fi sani. Na asalin shine LEGO, kamfanin ƙasar Denmak ne, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932 yana sassaƙa kayan wasa na katako, bulon da muka sani yanzu mai ƙusoshi a sama da rami a ƙasa kuwa a 1958 aka yi masa rajista, kuma har yau bulon wancan lokacin yana shiga na yanzu daram. Masu lissafi sun ƙirga cewa bulo shida kacal masu ƙusa takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanya sama da miliyan 915. Shi yasa nake cewa kar ka damu da sai ka sayi kwali mai hoton jirgin yaƙi ko gidan sarauta, wanda in an gama haɗa shi sau ɗaya shikenan an gama. Ka nemi na bokiti ko na leda mai tarkacen bulo kala-kala, kuma ka tabbatar akwai tayoyi a ciki aƙalla na mota biyu, da faffaɗan faranti na ƙasa wanda ake ɗora gini a kai. Tayoyin nan su ne rai, bulo ba taya yaran Kano basa daɗewa a kansa.

Na asali yana da tsada gaskiya, da yadda dala take ba kowa zai iya ba, kuma ba dole bane. Akwai na Chana masu girma ɗaya da shi, suna shiga juna, ana samu a shagunan kayan yara na Kasuwar Sabon Gari da manyan kantuna, wani lokacin kuma in masu gwanjo na Ƙofar Wambai sun fasa dilar kayan wasa a kan dace da na asali an zuba a leda. Amma fa araha bata ado, dan haka kar ka biya sai ka gwada. Ce wa mai shagon, Alhaji dan Allah buɗe min ɗaya in gani, ka ɗauki bulo biyu ka haɗa, ka ɗaga na saman ka girgiza. In na ƙasan ya faɗo, bar shi, duk abinda yaro ya gina zai rushe masa a hannu ya ji haushi ya koma waya. In kuma sai da haƙori ake raba su, shima bar shi. Ka shinshina, wanda ke warin ƙonanniyar roba ko fentinsa ke fita a yatsa ba na shiga gida bane. Sannan ka duba shekarun da aka rubuta a kwali, 8+ ko 9+ ko 10+, kar ka kwaso manyan bulon nan na ƴan shekara biyu uku dan kaga sun cika ido, wallahi ɗan sha ɗaya zai ji ka raina shi. Na gwanjo in ka kawo gida a wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, kar ya wuce digiri 40, a shanya a inuwa, ranar Kano ta watan Afrilu tana kashe masa kala tana busar da robar.

Wanda ya fi dacewa da ɗan goma zuwa sha biyu a ganina shine mai giya, wato ƴan tayoyin nan masu haƙora irin na inji, da sanduna masu huji, irin wanda LEGO suka fara fitarwa a 1977 ake ce masa Technic, shima akwai na Chana. Anan ne yaro yake fara gane abinda bakanike ya sani. Ka sa shi ya haɗa ƙaramar giya mai haƙori 8 da babba mai haƙori 24 ya juya ƙaramar da hannu yana ƙirgawa, zai ga sai ta zaga sau uku kafin babbar ta zaga sau ɗaya, gudu ya ragu amma ƙarfi ya ƙaru, in ya juya ta ɓangaren babbar kuma sai abin ya koma akasin haka. Daga nan in kun shiga adaidaita sahu direba ya sa giya ɗaya zai hau gada, ka tambaye shi me yasa, ka ji amsar da zai baka.

Akwai kuma na ƙarfe mai noti da kusa, asalinsa Meccano ne wanda Frank Hornby ya yi wa rajista a 1901 a garin Liverpool na Ingila, eh wannan dai na ƙwallo. Yana zuwa da ƙaramar sifana da sukundireba. Yana da cin lokaci, yana son haƙuri, yaro mai gaggawa zai jefar, amma mai son bin bakanike da ido in ya samu wannan sai an kira shi cin abinci sau uku. Notinan ƙanana ne ƙwarai, a nemi gwangwani mai marfi tun ranar farko.

Na maganaɗisu kuwa ni bana son shi a gidan da ke da ƙananan yara, musamman ƴan ƙananan ƙwallayen nan masu sheƙi. In yaro ya haɗiye biyu ko fiye suna manne wa juna ta cikin hanji su huda shi, sai an yi tiyata. Haka batirin nan mai kama da maɓalli na agogo da na wasu kayan wasa, in ya maƙale a maƙogwaro cikin ƴan awanni yake ƙona wurin. In hakan ta faru asibiti kai tsaye, ba jiƙe-jiƙe ba jira zuwa safe. Kuma gidan Bahaushe da wuya ka samu ɗan sha ɗaya ba ƙani mai rarrafe a bayansa, dan haka ko bulon roba ne, duk abinda zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu to zai iya shaƙe ɗan ƙasa da shekara uku.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, domin mu nan ba yau muka fara wannan harka ba. Duk wanda ya tashi a cikin Kano kafin waya ta zo ya san motar kara da motar langa-langa da ta gwangwanin madara, a yanka tsohon silifas a fitar da taya, a sa doguwar waya a yi sitiyari ana tuƙawa a tsaye, wani ma har da fitila da lamba. Babu wanda ya sayo mana, kuma babu wanda ya roƙe mu mu zauna. Abinda ya canza kawai yanzu babu mai nuna wa yaran, kuma gidaje sun zama tayil da interlok, iyaye basa son tarkace. Toh ka yarda da tarkacen. Samo babban kwali ɗaya ka ce wannan na kayan aiki ne, a dinga tara marafen robar lemo, bututun tsohon biro, kwalin taliya, tsinken tsire sabo, kyauro irin na ɗaure kuɗi, guntun waya, in an yi girbi kuma duk mai zuwa ƙauye ya taho muku da ɗaurin karan dawa. Guntayen katako kafintoci da ƴan katako na Na'ibawa zubarwa suke ko su bayar a kuɗi kaɗan. Abinda zaka saya bai wuce farin gam na kafinta ba, da almakashi, da salatif, da ruler ta ƙarfe.

Ga yadda ake motar da ke tafiya da kanta, in baka taɓa yi ba. A yanka kwali mai kauri kamar tsawon tafin hannun babba, faɗin yatsa huɗu, in kwalin ba ƙarfi a manna biyu. A ƙasansa a manna bututun biro guda biyu a gicciye, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma anan ne yawancin yara ke kuskure, in bututun biyu basu daidaita ba motar zata dinga karkata gefe ɗaya, dan haka a ja layi da ruler tukuna. A zura tsinken tsire a kowane bututu, a yanke tsinin. Tayoyi marafen lemo huɗu ne, a huda su a tsakiya cif da ƙusa mai zafi, wannan aikin babba ne ba na yaro ba, a soka a bakin tsinken a ɗiga gam. Tun a haka ma in ka tura zata gudu. Sai injin, ɗan ƙaramin moto irin na cikin tsohuwar rediyo mai kaset ko DVD ko ƴar fankar hannu da ta lalace, mai gyaran rediyo na unguwa yana da su a zube, masu kayan lantarki na France Road ma suna sayarwa. A yanke ɗan rami a kwalin saitin tsinken baya yadda za a ga tsinken, wato bututun bayan sai a raba shi biyu a bar tsakiya a buɗe, a ɗaura kyauro daga bakin moton zuwa tsinken, kar ya yi sako-sako kar kuma ya ɗaure tamau. Batir biyu irin na rimot ɗin nan AA, kowane volt 1.5 ne, in an jera su kai da gindi sun zama 3, sun isa, a haɗa su da moton da guntayen waya biyu. In motar ta yi baya maimakon gaba kar ka gaya masa dalili, ka bar shi ya lalubo, ranar da ya gano cewa juya wayoyin biyu kawai zai yi, ihun da zai yi sai maƙota sun ji. In taya tana sulɓi a kan tayil a naɗa mata kyauro.

Doka ɗaya wadda babu sassauci: batirin rimot kawai. Ba soket, ba wayar NEPA, ba batirin tsohuwar waya ko na fawa bank, waɗannan in aka huda su ko wayoyinsu suka haɗu wuta suke kamawa. Sufa gulu ma a hannun babba zai zauna.

Wanda ya fi wannan burge yara shine katafila ta sirinji. Ka sayi sababbin sirinji a kyamis, masu mil 10, da sabuwar robar ƙarin ruwa, ka cire alluran da kanka tun a can ka ba mai kyamis ya zubar, kuma ka ja musu kunne sosai kan tsintar na bola ko na asibiti. A haɗa bakin sirinji biyu da guntun robar, a cika da ruwa yadda babu iska ko kaɗan a ciki, in ka danna wannan sai wancan ya fito, in ka ja sai ya koma. In an bar iska zaka ji abin yana laushi baya turawa, saboda iska tana matsuwa ruwa kuwa baya matsuwa, kuma haka jak ɗin mota da birki da hannun katafilar da ke aikin titi suke aiki, sai dai su da mai. A yi hannun da kwali mai kauri ko siraran katako gaɓa biyu ko uku, mahaɗar a sa tsinke ko noti, kowace gaɓa da nata sirinjin biyu, a ɗiga kala daban-daban a ruwan dan a gane wanne ke ɗaga wanne. Wannan aikin sati guda ne ko fi, kuma zai zubar da ruwa, zai karye, za a sake. Daidai kenan.

In yaran suna da yawa, naka da na ƴan uwa da aka kawo hutu, sai a yi gasar gada. Kowa a bashi tsinken tsire adadi ɗaya da zare da gam, a ajiye bulo biyu tsakaninsu kamar taku ɗaya, kowa ya gina gadar da zata haye, a barta ta kwana ta bushe. Washegari a dinga ɗora ledar fiya wata ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa da ƙarfi, kowace leda wajen rabin kilo ce, har gadar ta karye. Zasu gano da kansu cewa mai murabba'i tana lanƙwashewa da wuri, mai alwatika-alwatika ita ke jurewa, daga nan sai ka ga suna ɗaga kai suna kallon ƙarafan rufin gidan mai da dogayen turakun sabis. Kyautar wanda ya ci ko tsire ne na ɗari biyar ya isa.

Da damina kuma ga yumɓu kyauta. Kai su Gidan Makama su ga ginin ƙasa da idonsu, kaurin bango da azara da zankwaye a saman soro, ku biya ta inda ganuwa ta rage ka gaya musu tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka fara ta, aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa. In kun dawo su kwaɓa ƙasa da yankakkiyar busasshiyar ciyawa, su mulmula ƙananan tubali, su bushe, su gina soro da zaure, kara ya zama azara. A inuwa ake busarwa, in aka sa a rana tsagewa yake.

Kuma dan Allah kar a ce wannan na maza ne a tura mata wanke-wanke. Yarinyar da ta iya tsara ɗakin ƴar tsana da gado da kabad na kwalin ashana ta riga ta fara, a bata moto da batir itama ta sa wa ɗakin fanka da fitila. Ƴar fitilar LED ƙafarta doguwa ita ke zuwa kan batir, in bata kama ba a juya.

Toh saura yadda za a yi abin ya ɗore. Na farko wuri. Aikin da ba a gama ba dole ya samu inda zai kwana ba a taɓa shi ba, in kullum da magariba sai an ce kwashe tarkacen nan za a yi shara, an rushe masa aikin yini, ba zai sake farawa ba. Tsohon faranti babba ko guntun filawud ya isa, yayi aikin a kai, in an tashi a ɗaga gaba ɗaya a ɗora saman kabad inda ƙannai basa kaiwa. Ƙananan kaya a robobin ayis kirim ko na man shanu, tayoyi daban, giya daban, notina daban. A shimfiɗa tsohon zani kafin a zazzage bulo, in an gama a tattare bakin zanin, wanda ya taɓa taka bulo da tsakar dare NEPA ta ɗauke ya san dalili.

Sai lokaci. Kar ka haɗa shi da horo, wato ka ƙwace waya cikin faɗa sannan ka tura masa bokitin bulo, zai ɗauke shi a matsayin hukunci. Ka zaɓi lokacin da dama wayar bata nan, safiyar Asabar, yammacin Alhamis, dogon hutu, ko in an ɗauke wuta, kuma kaima ka ajiye taka wayar ka zauna a tabarmar ko na minti ashirin ne a farkon. Ba sai ka iya ba. Abinda zaka yi shine ka bada aiki mai suna, maimakon gina duk abinda kake so, wanda ke sa yaro ya zauna yana kallon bulo. Ce masa yi min kurar mai ruwa da zata ɗauki jarka goma, ko adaidaita sahu mai ƙafa uku da bata faɗuwa a kwana, ko Ƙofar Nasarawa da gadar kusa da ita, ko tirela mai juyawa a tsakiya. In ya zo yace Abba ta ƙi tsayawa, kar ka karɓa ka gyara, ko da kana ganin matsalar ƙiri-ƙiri, tambaye shi ta ina take fara karyewa, ka koma gefe. Iyaye maza mun fi kowa wannan laifin, sai ka ga uba ya karɓe sifana yaro ya koma ɗan kallo.

Mai son Minecraft, gem ɗin nan na gini da bulo a waya, ya fi kowa sauƙin ja, tunda dama gini yake yi a ciki, ce masa ya fito maka da gidan da ya gina a can a fili ka gani. Zai ce sai ya kalli YouTube ya ga yadda ake yi, kuma gaskiya akwai abin koyo a can, amma in ka miƙa masa wayar an koma gidan jiya. Ku kalla tare sau ɗaya, ya ɗauki fensir ya zana matakan a takarda, a kashe waya a mayar ɗaki, a yi aiki da zanen. In an maƙale gobe a sake kallo.

Zai gaji wata rana, ko sati uku ya yi bai taɓa ba, kar ka yi ta gori kan kuɗin da ka kashe. Ɗauke kayan ka ɓoye, bayan wata ɗaya ka fito da su tare da abu ɗaya sabo, moto na biyu ko makunni ko ɗan ƙaramin faifan sola, ko kuma ku yi musaya da gidan ƴan uwa, su kawo na ƙarfensu ku basu bulonku, a ƙirga tayoyi da giya a gaban kowa kafin a bayar dan kar zumunci ya samu matsala.